Yaya kuke koyar da ƙirgen elektron marasa abokin zama?

Malamin kemistiri, Gusau: Assalamu alaikum. Ɗalibaina masu shirin WAEC suna cika obital (mazaunan elektron a cikin atom, irin su 3d da 4s) bi da bi ba tare da tangarɗa ba har su isa kuromiyam, mai lamba 24 (wato elektron 24), inda kusan dukansu ke rubuta 3d⁴ 4s², su ce elektron huɗu ne ba su da abokin zama, alhali tsarin gaskiya 3d⁵ 4s¹ ne, amsar kuma shida ce. Ina roƙon waɗanda suka fuskanci wannan su faɗa mana dabarar da ta yi musu aiki.

Malama, Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. Ni na daina barin su su rubuta lambobi zalla. Kowa sai ya zana akwatuna biyar na 3d a allo, ya sa kibiya ɗaya a kowane akwati kafin ya ninka ko ɗaya, kamar yadda dokar Hund ta tanada. Daga nan nake jera kuromiyam da manganis, mai lamba 25, su gani da idonsu cewa manganis da ya fi yawan elektron shi ne mai biyar marasa abokin zama, kuromiyam kuma shida. Jan ƙarfe, mai lamba 29, ya fi sauƙin karɓuwa, domin 3d¹⁰ 4s¹ guda ɗaya kacal yake bari. Sai dai ba na yarda a tsaya kan cewa atom yana “son” obital rabin cike, domin wannan haddar ba ta bayyana cewa ƙarfin 3d da na 4s sun yi kusa ƙwarai a wannan wuri.

Ɗalibin jami'a, Kano: A ajinmu rikicin ya fi tsanani wurin baƙin ƙarfe. Da yake 4s ake fara cikawa, mutane da yawa sun ɗauka shi ne na ƙarshen fita, amma shi ake fara kwashewa, shi ya sa Fe²⁺ (baƙin ƙarfen da ya rasa elektron biyu) ke da huɗu marasa abokin zama, Fe³⁺ (wanda ya rasa uku) kuma biyar.

Mai kula da ɗakin gwaji, Jos: Malam, gwaji ne ya kashe gardamar a wurinmu. Na rataye ƙananan kwalabe biyu da zare, ɗaya da garin salfet na manganis, ɗaya da na zink, sannan na kusanto da maganaɗisun niyodimiyam da na ciro daga tsohon faifan ajiya na kwamfuta. Kwalbar manganis ta karkato a hankali ta bi maganaɗisun, domin maganaɗisu na jan abin da ke da elektron marasa abokin zama, ta zink kuwa ko motsi, tun da 3d¹⁰ na zink a cike yake. A kashe fanka tukuna, in ba haka ba iska za ta kaɗa kwalaben duka biyu.

Malamin kemistiri, Gusau: Na gode. Salfet na jan ƙarfe kaɗai muke da shi, shuɗin nan, kuma Cu²⁺ da ke cikinsa (jan ƙarfen da ya rasa elektron biyu) guda ɗaya ne da shi mara abokin zama. Ko jan da maganaɗisun zai yi masa zai isa a gani daga bencin baya?