Maganin tsutsa da buzuzun da suka ɓace a makiyayata

Mai tumaki a kan tudu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tumakina suna kiwo a gangaren dutse, kuma duk damina ina yi musu allurar ivermectin, maganin tsutsar ciki. Bana na lura kashinsu yana bushewa a inda ya faɗi. Na tona da sanda, ko buzuzu ɗaya ban gani ba. Tsuntsayen da ke bin garken ma sun ragu. Abin ya dame ni. Maganin ne?

Likitar dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. Zai iya zama shi. Ivermectin yana fita ta kashi da sauran ƙarfinsa, ya kashe tsutsar buzuzu da ta ƙuda, abincin tsuntsayen ke nan. Kai kashin a ƙirga ƙwan tsutsar ciki tukuna, ka ba tumakin da suke buƙata kaɗai maganin. Moxidectin, wani maganin tsutsar, ya fi sauƙin illa ga buzuzu. Ka kuma killace damɓar da ruwa ke kwanciya, can dodon koɗi ke yaɗa tsutsar hanta.

Wani makiyayi: Ɗan'uwa, ruwan wankan kaska kada ya gangara rafi, yana kashe kifi.

Mai tumaki a kan tudu: Na gode, Likita. Gobe da sassafe zan ɗebo kashin.