Shawarwari kan tsara jadawalin wasanni a ƙananan kwalejojin Amurka

A wata tattaunawa da masu horar da 'yan wasa da jami'an kwalejoji suka yi, shawarar da ta fi yawa ita ce a rage nisan tafiya, domin kuɗin mota da masauki da abinci ne ke cinye kasafin ƙananan makarantu, musamman na rukuni na 3 na hukumar NCAA mai kula da wasannin kwalejojin Amurka. Sun ce a ɗauki ƙungiyar maza da ta mata a mota ɗaya, a kuma buga wasa biyu a tafiya guda.

An fi daɗewa kan wasannin da manyan jami'o'i ke biyan ƙaramar makaranta kuɗi don ta je gidansu ta buga. Kuɗin yana toshe ɓaraka, amma 'yan ƙwallon kwando na gasar SWAC, wadda ta haɗa wasu jami'o'in kudancin Amurka, kan shafe mafi yawan Nuwamba da Disamba a kan hanya, suna rasa darasi gab da jarrabawa. Wannan ne ya fi damuna, shi ya sa nake tare da masu cewa a ƙayyade adadin irin waɗannan wasanni. An kuma tunatar cewa dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke samun tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, ba ta yarda a ɗora wa mata kaɗai nauyin tsuke aljihu ba.