Neman kalma: me za mu kira "covert action" a labaran yamma?

Ɗan Rediyo: Jama'a, ƙarfe shida zan karanta rahoto kan juyin mulkin Iran na 1953, wanda CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da 'yan leƙen asirin Ingila suka kitsa wa Firayim Minista Mossadegh. Kalmar nan ta cika rahoton. Me zan ce?

Malamar Hausa: Leƙen asiri mana.

Ɗan Rediyo: Malama, mai leƙen asiri gani yake yi ya kai labari. Waɗannan sun raba kuɗi, sun sayi 'yan jarida, sun tara 'yan zanga-zanga a Tehran. Kowa ya ga juyin mulkin, hannun da ya shirya shi ne aka ɓoye. CIA ba ta amsa a fili ba sai 2013.

Ɗan Damagaram: Aikin asiri.

Malamar Hausa: Haba! Masu sauraro za su ɗauka boka aka kai wa sunan Mossadegh.

Baba Mai Ritaya: Ni "aikin ba-ni-ba" nake kiransa. Musun ai shi ne ƙashin bayan abin. Ku tuna 1984, da aka tsinci Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted na Ingila, za a taho da shi Legas. Gwamnatin soja ta lokacin cewa ta yi babu ruwanta. Ba-ni-ba ke nan.

Lauya: Ranka ya daɗe, wannan ta zaman hira ce. A ce zagon ƙasa. Kifar da zaɓaɓɓen shugaba saboda ya karɓe man fetur ɗin ƙasarsa daga hannun kamfanin Ingila ba ya buƙatar suna mai laushi.

Malamar Hausa: Ka yanke hukunci tun kafin a karanta labarin. To Eichmann fa, jami'in Nazi na Jamus da Isra'ila ta sato daga Ajantina a 1960 ta yi masa shari'a kan kisan Yahudawa? Shi ma zagon ƙasa ne? Mai labarai yana buƙatar kalmar da za ta ɗauki duka biyun. A ce aikin sirri.

Baba Mai Ritaya: Sirri Larabci ne, 'yata. Kuma Isra'ilar ma da farko cewa ta yi 'yan sa-kai ne suka kamo shi. Kin ga ba-ni-ba.

Malamar Hausa: Baba, "labari" ma Larabci ne. A rufe gidan rediyon?

Ɗan Damagaram: Kullum haka ne. Mu kawo kalma a yi dariya, Kano ta kawo a ce daidaitacciya.

Lauya: Wa ya ce maka Malama 'yar Kano ce?

Ɗan Rediyo: Don Allah, shida saura kwata. Zan ce "ayyukan ɓoye na gwamnati a ƙetare", in ƙara da "waɗanda take musun hannu a ciki" a karon farko.

Malamar Hausa: Ta yi tsawo, amma je ka.

Baba Mai Ritaya: Kalma biyu ka fassara da goma sha biyu. Ni dai ban janye tawa ba.