Muhawara: takardun gwamnatin Kanada kaɗai ne hujja kan yaran makarantun kwana?

Baban Amira: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Maganar makarantun kwanan da Kanada ta riƙa kwashe 'ya'yan 'yan asalin ƙasar tana kai su, a rumbun takardu za a yanke ta. Abin da ba a rubuce yake ba, ban ɗauke shi tarihi ba. Ku duba tsohuwar makarantar kwana ta garin Kamloops a 2021, aka ce kaburbura 215, alhali alamu ne na'urar hango ƙarƙashin ƙasa ta nuna.

Maman Khalifa: Baban Amira, su wa suka rubuta takardun? Gwamnati da coci-coci, masu makarantun. Hukumar Gaskiya da Sasantawa da ta binciki makarantun, a rahotonta na 2015, ta ƙirga yara kusan 3,200 da suka mutu. Kusan ɗaya cikin uku ko sunansa ba a rubuta ba, kusan rabi ba a faɗi abin da ya kashe su ba. Ɗan mutane ya rasu a hannunka, ka kasa rubuta sunansa! Sannan tsakanin 1936 da 1944 ma'aikatar da ke kula da su ta lalata fayil 200,000.

Ɗan Zariya: Ku yi haƙuri in sa baki. Takardun ma ba su wanke kowa ba. Tun 1907 likita Peter Bryce ya rubuta wa gwamnati cewa tarin fuka na cinye yaran, aka share shi. A 2013 masanin tarihi Ian Mosby ya tono yadda aka yi gwajin abinci a kan yara masu yunwa, har aka hana wasu maganin haƙori don kada sakamako ya sauya.

Baban Amira: To ai maganata ke nan, Malam.

Maman Khalifa: Ina! Tsofaffin ɗaliban sun daɗe suna faɗin yunwar nan, aka ƙi ji sai da takarda ta fito. Mutum fiye da 6,000 suka ba hukumar shaida. Kuma ka san Kotun Ƙoli ta yanke a 2017 cewa a 2027 za a lalata bayanan tsofaffin ɗaliban da suka nemi diyya kan cin zarafi, sai wanda mai shi ya ce a ajiye? In an lalata su, cewa za ka yi ba a yi ba?

Ɗan Zariya: Wannan kam da wuya, Hajiya. Alkawarin sirri aka yi musu kafin su buɗe baki kan fyaɗe da duka, kotu ta ce a cika shi. Cibiyar da ke ajiye tarihin makarantun a Jami'ar Manitoba za ta adana na wanda ya yarda ne kawai.