Jama'a, mece ce Hausar Holocaust?

Salam jama'a. Wata 'yar matsala ce ta taso min jiya da daddare ina jera littattafai a ɗan laburaren da muke haɗawa a unguwa. Kowace kanta muna manna mata takarda da maka, addini, tarihin ƙasar Hausa, kimiyya, haka dai. Sai na zo kan wasu guda bakwai da wani bawan Allah ya ba mu kyauta, a ciki akwai littafin yarinyar nan Bayahudiya Anne Frank da ta rubuta lokacin da suke ɓoye a Amsterdam, ta rasu a sansanin Bergen-Belsen a 1945 mahaifinta ya fitar da shi a 1947, akwai na Primo Levi ɗan Italiya, da na Elie Wiesel, sai wani a kan ƙabilar Romani. Na riƙe maka a hannu wallahi na fi minti goma ban rubuta komai ba. Duk a kan kisan da 'yan Nazi na Hitler suka yi ne. Turawa dai Holocaust suke cewa su wuce, mu kuma fa?

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne kisan kiyashi, don shi muka saba ji a rediyo. Amma ku duba, rikicin ƙauye ma idan aka kashe mutum arba'in kisan kiyashi ake cewa, to ina arba'in ina Yahudawa miliyan 6 da gwamnati ta zauna ta tsara kashe su da jiragen ƙasa da rajista da ma'aikata masu ɗaukar albashi. Kuma akwai abin da ya fi wannan damuna. Kiyashi fa ƙwaro ne, kuma farfagandar 'yan Nazi da ɓeraye da ƙwari take kwatanta Yahudawa tun kafin a fara kisan. Na san mu ba haka muke nufi ba, yawa muke nufi da yadda ake murƙushe su ba ƙidaya, amma dai hannuna ya ƙi rubuta shi a saman hoton yarinyar nan.

Na ɗan tambayi jama'a, wasu sun ba ni shawara. Malam da ka ce a fassara asalin kalmar Holocaust kawai, na gode, na bi shawararka na gwada. Daga Girkanci take, dabbar hadaya ce da ake ƙonawa gaba ɗaya a wuta, wato a Hausa ƙonawa ƙurmus kenan, kuma Larabawa ma ta nan suka bi suke cewa mahraƙa. Daɗin faɗa kam akwai shi. Sai dai Malam, hadaya ga wa? Wa ya miƙa su? Saboda wannan ne da yawa cikin Yahudawan kansu suka fi son Shoah, kalmar Ibrananci mai nufin bala'i ko masifa. Sannan ba kowa aka kashe da iskar guba aka ƙona ba, a Babi Yar kusa da Kyiv harbe mutum 33,771 aka yi cikin kwana biyu a watan Satumba 1941, wasu kuma yunwa da zazzaɓin taifus ne suka cinye su a tsare.

Hajiya ta kawo kisan ƙare dangi, kuma gaskiya Hajiya wannan ita ta fi kowacce zama daram. Bahaushe ya riga ya gama magana a nan, manufar ce a ciki, a shafe zuri'a kar a bar ko iri. Abin mamaki ma kalmar Turancin da take fassarawa, wato genocide, sabuwa ce, wani lauya Bayahude ɗan Poland, Raphael Lemkin, shi ya ƙirƙiro ta a 1944 don babu sunan da ya kama laifin, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a yarjejeniya a 1948. Matsalar kawai ita ce sunan laifi ne ba sunan waƙi'a ɗaya ba, abin da aka yi wa Tutsi a Ruwanda a 1994 ma shi ne, na Herero da Nama a Namibiya ma shi ne, kuma shi ɗin ma Jamusawa ne suka yi tun 1904. In na rubuta shi zalla yaro zai tambaye ni na ina.

Akwai ƙanina da ya ce a rubuta kisan Yahudawa a huta. To littafin Romani fa? An kashe Romani da danginsu Sinti dubban ɗaruruwa, su ma suna da nasu sunan, wasu na cewa Porajmos wasu Samudaripen, an kashe naƙasassu a asibitocin Jamus tun kafin a gina ɗakunan kisa da iskar gas a Poland, ga fursunonin yaƙin Sobiyet, ga Shaidun Jehobah. Af, kuma don Allah kar wanda ya rubuta 'yan Roma, na gwada a kan wani yaro ya ce min kulob ɗin ƙwallo, Romani za mu riƙa cewa.

Ga inda na tsaya, mai ja ya ja. Sunan waƙi'a ba a fassara shi, kamar yadda ba mu fassara Badar ko Hijira ba, don haka a ara a rubuta Holokos yadda bakinmu ke faɗa, shi ne na Yahudawa, sai bayanin ya biyo da Hausa. Takardar da na manna yanzu cewa take: Holokos da kisan ƙare dangi na 'yan Nazi, 1933 zuwa 1945. Ta ɗan yi tsawo sai da na haɗa takarda biyu da salatif.

Tunda an taru, sansanin gwale-gwale da 'yan jarida ke cewa ya yi daidai da irin su Dachau da aka buɗe a 1933, inda ake tsarewa ana aikin bauta. Amma Treblinka da Sobibor ba gwale-gwale ake kai mutum ba, yawanci sa'o'i kaɗan ne tsakanin sauka daga jirgi da mutuwa, waɗannan sansanin kisa ne, a raba su. Auschwitz kuwa duka biyun ne, shi ya sa Levi ya fito da rai ya ba da labari a wurin da aka kashe kimanin mutum miliyan 1.1.

Wadda ta gagare ni har yanzu ita ce geto. Samarinmu sun riga sun mayar da ita unguwar talakawa, alhali a Warsaw katanga aka zagaya wa Yahudawa sama da 400,000 a 1940, wanda ya fita ba izini harbi ne. Na rubuta unguwar ƙawanya na goge, na rubuta unguwar kulle sai ta tuna min kullen aure da na korona. Baba da ke koyar da Hausa, in kana kusa a taimaka mana da wannan.