Shawarwari kan bakteriya masu bijire wa magani

Abin da ya fi tayar wa mahalarta wani taro kan wannan matsala hankali shi ne filasmid, ɗan zoben ƙwayoyin gado (DNA) da bakteriya ke miƙa wa juna ɗauke da dabarar bijire wa magani. A 2015 aka gano mcr-1, wata ƙwayar gado da filasmid ke ɗauka, a ƙasar Sin, cikin bakteriyar E. coli ta aladu, naman kasuwa da majinyata. Yana hana kolistin aiki, maganin da likitoci ke ajiyewa sai an rasa mafita.

Don haka a taron aka fi matsa wa masu kiwon kaji, kuma na goyi baya: a daina zuba magani a ruwan shansu don su yi saurin girma. A gida, wuƙar ɗanyen nama kada ta taɓa latas. Majinyaci kuwa ya bar sayen kafso biyu-uku a kemis ba tare da ganin likita ba.