Neman taimako a kan lissafin ajin Tarminal C

Assalamu alaikum malamai da yayyena. Ni ɗalibi ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina ajin Tarminal C (ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren lissafi da kimiyya), kuma ina shirin jarrabawar Bakaloreya. Akwai wata tambaya da ta tsaya mini a wuya: a nemo dukkan cikakkun lambobi x da y waɗanda suka cika 17x − 40y = 1.

Na bi hanyar rabawa ta Yuklid, na raba 40 da 17, saura 6, sannan na raba 17 da 6, saura 5, sannan na raba 6 da 5, saura 1, na koma baya har na samu x = −7 da y = −3, kuma na gwada su sun yi daidai. Malaminmu ya rubuta a allo cewa amsar gaba ɗaya ita ce x = −7 + 40k da y = −3 + 17k, inda k kowace cikakkiyar lamba ce, yana kafa hujja da ƙa'idar Gauss ta rabuwar lambobi.

Inda na maƙale shi ne dalilin da ya tabbatar babu wata amsa bayan waɗannan, domin a ganina hujjar ce ake ba wa maki. Don Allah a fayyace mini wannan mataki dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.